Kibiyar da Mai Agogo Ya Juya

"Lafiya lau na kwana, ba don ke ba. Kin ce ƙarfe tara, ga shi goma saura kwata."

"Ina kwana kawai na ce, Ango. Ban ce ka karanto mini labaran duniya ba."

"Amaryar da ke barin miji da yunwa har hantsi, ai labarinta ya isa shiga labaran duniya."

Haka 'yar yayata ta shigo gidan mahaifina, suna wasansu na jika da kaka, ranar da za a zo duba mita, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Tun tana ƙarama muke kiranta Injiniya, saboda ba ta bar rediyo ko fitila ta kwana lafiya a gidan nan ba, sai ga shi sunan ya bi ta har ya tabbata. Shi kuwa Baba shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, har huhunsa ya gaji. Likita ya haɗa shi da injin numfashi, wani akwati mai taya da ke gurnani a gefen gadonsa daga isha zuwa asuba. Saboda injin nan muka sa sola: faranti goma a kan rufi, batir biyu a ɗakin ajiya, da wata farar inbata mai juya wutar sola ta zama irin ta gida, a bangon baranda, kusa da akwatin mita. Ba mu rabu da wutar kamfani ba, domin idan hadari ya yi kwana biyu yana rufe rana, batir kaɗai ba zai kai injin asuba ba.

Kamfanin wuta ya yarda, amma da sharaɗi. Gidan zai iya shan wutarsu, kada dai ya mayar musu da ko ɗigo, don taransfomar layinmu ta tsufa, ba ta jure wutar da ke komawa baya. Ma'aikacinsu zai zo ƙarfe biyu. In ya ga mita tana nuna wuta na fita, zai cire gidan daga layi.

Wata uku ke nan da dawowata daga ƙasar da na yi karatu, inda rana ke leƙowa kamar baƙuwa mai kunya. Can ma na ga faranti a kan gidaje, ban taɓa tsayawa na tambayi yadda suke shiri da wutar gari ba. Nan kuma ni ɗa ne, ba ni da bakin shiga tsakanin kaka da jika. Aikina riƙe tocila.

Baba ya sa na fito masa da kujera baranda. Injiniya ta ajiye jaka, ta taɓa fuskar inbata, sai na ga ta daina murmushi.

"Ango, me ka ci da safe?"

"Iska. Ita ma injin ne ya dafa mini."

"Batirinka ya koma kashi talatin da ɗaya. Ga rana tsaye a kan rufi, ya kamata a ce yana cika, sai raguwa yake yi. Ka kunna wani abu ne?"

"Na kunna haƙuri."

"Ko dai ka sa hita ka yi wankan angonci?"

"In yi wa wa ado? Wadda ke zuwa gidan miji da takalmin leburori?"

Ta juya wajen mita. Wata 'yar alama tana ƙyafta ido a kusurwar gilashin, da lamba a gefenta.

"Kawu, haska mini nan," in ji ta.

Na haska. Ta karanta a hankali, kamar mai karanta takardar asibiti.

"Wat dubu uku ke fita daga gidan nan zuwa titi. Jiya da hannuna na sa wa inbata iyaka, na ce sifili. Na gwada sau uku kafin in tafi."

"To ai ga ranar karatun zamani," in ji Baba. "An kai yarinya makaranta shekara biyar ta koyo sifili, shi ma bai zauna ba."

"Kai da ka yi shekara arba'in kana gyara lokaci, ga shi lokacin ya gyara ka."

"Ya gyara ni da kyau kuwa. Farin injinki na bango ne dai bai san lokaci ba. Dubi kusurwarsa, wai ƙarfe biyar na yamma. Ko a garinsu haka rana take?"

"Ka bar agogo ya huta, Ango. Gida na cin wuta kana ƙirga kaji."

"Gida na ba da wuta dai. Ke kika faɗa."

Ta shiga danne-danne. Ta sake rubuta iyakar, lambar mita ba ta motsa ba. Ta kashe inbatar ta kunna, lambar ta faɗi, ta yi ɗan jim, ta sake hawa kamar yaron da aka sauko da shi daga bishiya aka juya masa baya. Ta buɗe littafin na'urar a wayarta tana karantawa da yatsa. Batir ya koma ashirin da takwas. Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce. Na lura Baba ya rage magana, yana ta murza sarƙar agogon aljihunsa.

"Amarya," ya ce, "in mutumin nan ya cire mu, sai yaya?"

"Sai in goya ka in kai ka gidana."

"Hawa na huɗu, babu lifta? Gara a bar ni da iskar Allah."

"Ba za a cire ka ba. Kawu, riƙe mini jakar nan, zan buɗe akwatin."

Ta kashe komai, ta zaro sukudireba, ta kai kan murfin akwatin da ke ƙarƙashin mita. Sai ta tsaya. Ta ja baya taku ɗaya tana kallon murfin.

"Kawu, dubi sukurorin nan huɗu. Me ka gani?"

Na duba. Tsagar kan kowane sukuru tana tsaye cak, sama da ƙasa, dukkansu huɗun, kamar hannun agogo a kan ƙarfe shida.

"Ni in na ɗaure sukuru, inda ya tsaya nan ya tsaya," in ji ta. "Mutum ɗaya na sani a duniya da ba ya iya barci in kan sukuru ya karkace." Ta taɓa maƙalar murfin, ta shinshina yatsa. "Har da mai aka sa wa hinjin. Man agogo."

"Ƙara yake yi," in ji Baba, yana kallon rufi.

"Yaya aka yi ka san yana ƙara?"

"Kunne gare ni."

"Ango, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaushe ka buɗe?"

"Bayan asuba. Ban taɓa komai ba. Abu ɗaya na gyara miki, shi ma don kada ki ji kunya gaban baƙo."

Ta cire murfin. A cikin akwatin akwai wani baƙin zobe na roba, bai fi awarwaron jariri ba, yana rungume da babbar wayar da ta shigo daga titi. A jikinsa an zana 'yar kibiya. Kibiyar tana kallon cikin gida.

"Kin ce wuta ba za ta fita ba," in ji Baba. "Na kwana ina tunani. Na zo na duba aikinki, sai na tarar kin sa mata kibiya tana nuna mata hanyar titi. Wa ke tsare akuya ya kuma nuna mata ƙofa? Na ɓalle zoben, na juya shi ya dubi gida. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na ɗauka za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta durƙusa gaban kujerarsa, ta kama hannayensa biyu tana juya su, tana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Kaka," ta ce. Rabon da in ji ta kira shi haka tun tana firamare. "Wayar nan ko ka kashe duk makunnin gidan nan tana da rai. Daga turken titi take zuwa. Tsakanin yatsanka da bakin ƙarfen can bai kai faɗin ƙwayar wake ba."

Baba ya dubi yatsunsa.

"Hannun mai agogo ba ya rawa," ya ce a hankali.

"Na sani. Shi ya sa har yanzu nake da miji." Ta miƙe ta share ido da bayan hannu. "Karambanin akuya, gai da kura. Garin neman gira ka kusa rasa ido, ka bar ni da takaba ban ko ci sadakina ba."

"Sadakin da kika cinye tun kina rarrafe? Agogo nawa kika farfasa mini?"

"Uku. Kuma duk ba sa tafiya daidai."

Ta sa safar roba, ta ɓalle zoben, ta ɗaga shi a tafin hannu ya gani.

"Wannan ba mai nuna hanya ba ne, Ango. Kunne ne. Ita inbata ba ta ganin titi, ba ta ganin gida. Zoben nan ne ke gaya mata ko wuta shigowa take yi ko fita. Kibiyar tana gaya masa ina ne waje, shi ke nan aikinta. Da ka juya shi, sai ya koma yi mata ƙarya. Wuta na fita, yana ce mata shigowa take. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauka gidan yunwa yake ji har yana roƙon kamfani, sai ta ƙara turowa. Ta kwashe na rufi, bai ƙoshi ba, ta shiga kwasar na batir."

Baba ya zaro gilashin idonsa na aiki daga aljihu, ya maƙala a ido ɗaya, ya karɓi zoben. Ya daɗe yana juya shi.

"Ba shi da haƙori," ya ce. "Ina yake cizon wayar?"

"Ba ya cizo. Ko ƙarfen wayar ba ya taɓawa. Rungumarta kawai yake yi ta bayan roba."

"Yana jin abin da ke gudu a ciki?"

"Yana ji. Har da yawansa, har da inda ya dosa."

"Ikon Allah. Kamar likita da bugun jini." Ya miƙa mata da hannu biyu, yadda yake miƙa wa mutane agogonsu masu tsada. Sai kuma ya ɗaga kai. "Tsaya. Wutar da ta fita tun safe, ina ta je?"

"Duk wanda ya fi kusa ya sha. Maƙwabta."

Ya sa na buɗe ƙofar gida. Daga inda yake zaune ana hango ƙetaren titi. Tela ya duƙufa a kan kekensa, mai aski yana zagaya kan wani yaro da injin aski, fankar mai kanti tana kaɗa ledoji.

"Wato keken can ni nake juya shi?"

"Tun ƙarfe takwas."

"Da kan yaron can?"

"Rabinsa dai naka ne."

Baba ya jingina da kujera, bakinsa a ɗan buɗe. Na san fuskar nan. Ita yake yi in ya buɗe bayan wani tsohon agogo ya tarar da aikin da ya fi nasa.

"Rana ta sauka a kan kwanon da na buga da hannuna," ya ce, "ta bi waya, ta ƙetare titi, ta ɗinka wa wani riga. Ni kuwa ina nan ina faɗa da ke a kan goma saura kwata." Ya girgiza kai. "A gaya wa tela ina jiran babbar riga. Mai aski kuma ya san wa ke da ladan kan nan."

"Kai da ba ka da gashin da za a rama maka da shi."

Ta mayar da zoben, kibiya tana kallon titi. Ta rufe murfin, ta ɗaure sukurorin yadda suka ga dama, ta kunna. Muka zuba wa mita ido mu uku. Lambar ta taso, ta yi rawa, ta sauko. Ɗari biyu. Arba'in. Sifili. Alamar da ke ƙyafta ido ta mutu. A fuskar inbata kuma batir ya fara hawa.

"In batir ya cika fa?" in ji Baba. "Rana ba ta san ya cika ba."

"Sai inbata ta rage ɗiba. Gida na son ɗari biyar, ta ɗebo ɗari biyar, ta bar sauran a kan rufi."

"Rijiya ta bayar, guga ya hana."

"Guga ya san girman tulu dai. Kawu, je ka kunna butar lantarki."

Na je kicin na kunna, na dawo da sauri. Baba ya riga ya buɗe agogon aljihunsa.

"Ta yi tsalle zuwa dubu da ɗari takwas, ta dawo sifili," ya ce mini, kamar mai ba da labarin haihuwa. "Daƙiƙa biyu da rabi. Je ka kashe."

Na kashe. Ya ce in kunna dutsen guga. Ya ce in haɗa da fanka. Ya ce in kashe su gaba ɗaya. Na yi sawu bakwai tsakanin kicin da baranda, da digirina da komai, ban kuma ji haushi ba, don ni ma so nake in ga ko za ta kasa. Wani guntun girgije ya gifta, hasken tsakar gida ya dushe, batir ya miƙo hannu ya cike gurbin, sifilin bai ko girgiza sosai ba.

"A cikin agogo akwai wata 'yar ƙafa mai kai da komo," in ji Baba, ba tare da ya ɗauke ido daga mita ba. "Ita ke hana ƙarfin zaren ƙarfe ya zube gaba ɗaya. Tana saki kaɗan, tana riƙewa. Shekara arba'in ina yi mata hidima, na ɗauka babu mai haƙurinta. Ashe an yi wadda ke yi wa rana haka."

"To ka yarda na yi karatu?"

"Na yarda wanda ya ƙera ta ya yi karatu. Da dai ya san lokaci. Yanzu wai bakwai da minti goma na dare."

"Ango, don Allah, agogon nan ado ne kaw—"

Ba ta ƙarasa ba. Ta matsa kusa da fuskar inbata, ta danna sau biyu, ta tsaya tana kallo.

"Me ya faru?" na tambaya.

"Na ba ta umarni, Kawu. Daga shida na yamma zuwa shida na safe ta ɓoye rabin batir, kada ta taɓa shi sai in an ɗauke wutar kamfani, saboda injin numfashi. Amma agogonta yana kan lokacin ƙasar da aka ƙera ta, awa bakwai gaba da mu. Da ƙarfe goma sha ɗaya na dare za ta ɗauka gari ya waye, ta saki ajiyar."

"Na faɗa tun goma da minti biyar," in ji Baba.

"Ka faɗa."

"Ban ji ba. Kunnen tsufa."

"Na ce ka faɗa, Mai Agogo."

"Kawunki ma bai ji ba."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Ta buɗe wajen saita lokaci, ta ɗora yatsa a kan maɓalli.

"To ba ni lokaci. Ban yarda da na waya ba."

Baba ya gyara zama, ya ɗaga agogon aljihu daidai idonsa, ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Muka yi tsit, har ana jin keken tela daga ƙetare.

"Sha biyu da kwata," ya ce. Yatsan ya sauko. "Yanzu."

Ma'aikacin kamfani ya iso biyu da minti ashirin, kuma Baba bai bar shi ya zauna ba sai da ya gaya masa hakan. Mutum ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Ya duba takardu, ya buɗe akwati, ya haska kibiyar, ya gyaɗa kai. Ya sa aka kunna buta da dutsen guga da fankoki, sannan ya kai hannu kan makunnin gidan.

"Zan kashe kayan gida gaba ɗaya a lokaci guda," ya ce. "In wutar da ke fita ba ta koma sifili cikin daƙiƙa biyar ba, ba zan sa hannu ba."

"Biyu da rabi," in ji Baba.

"Bari dai mu gani, Baba."

Ya kashe. Alamar mita ta farka, lambar ta yi sama. Injiniya ta matso kusa da mita. Lambar ta sauko, ta sauko, ta kwanta. Mutumin ya dubi wayarsa, ya dubi tsohon.

"Biyu da rabi," ya ce. "Kun taɓa aiki da mu ne?"

"Yau da safe na ɗan taimaka muku," in ji Baba.

Injiniya ta yi tari da ƙarfi. Mutumin bai tambaya ba. Ya sa hannu, ya ɗaure akwatin da 'yar waya mai hatimi, ya ce duk wanda ya tsinke ta shi da kamfani ne, ya tafi.

Batir ya kai kashi saba'in da huɗu, da sauran rana a gaba. Injiniya tana tattara kayanta, Baba ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da ƙaramin sukudirebansa mai ƙotar tagulla, wanda ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa riƙe shi ba. Wajen da babban yatsa ke zama ya lotse saboda daɗewa.

"Ungo," ya ce. "Kafin ya sake kai ni inda ba a aike ni ba."

Ta karɓa da hannu biyu. Ta shafa lotsen ƙotar da babban yatsanta.

"Wannan ne sadakin?" ta tambaya daga baya.

"Rabi ne. Sauran sai kin je kin daidaita kan sukurorin can. Tun ɗazu suke kallona a karkace."

"An sa hatimi, Ango. Ba mai taɓa su."

Baba ya dubi sukurorin huɗu, kowanne ya fuskanci inda ya so. Ya dubi sifilin da ke kwance a fuskar mita. Sai dariya ta kama shi, har ya nemi a miƙo masa ruwa.

"To juya mini kujerar," ya ce da ni. "In dinga kallon mita. Ita dai ta tsaya daidai."